Lambobin na'urar kwaikwayon golf: in saka su a manhajata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina buga golf a Kano, amma yanzu mafi yawan atisayena a cikin ɗaki nake yi, a gaban allon na'urar kwaikwayo, wadda ke auna bugu ta nuna tafiyar ƙwallo a allo. Na'urar tana cewa sandata ta ƙarfe mai lamba 7 tana kai ƙwallo yadi 165, a fili kuwa sai in ga ta faɗi kafin ta isa inda na nufa. Shin in shigar da lambobin a manhajar golf ta wayata, ko za su rikita mini lissafi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka shigar da su, amma ka ware musu wurinsu daban, kuma ka san wace lamba kake kwafa.

Na'urar tana ba ka nisa iri biyu. Akwai nisan da ƙwallo ta yi a sama kafin ta taɓa ƙasa, akwai kuma jimillar nisa, wato har da gangarawar da ta yi bayan faɗuwa. Ina kyautata zaton 165 ɗin nan taka jimilla ce. A cikin ɗaki ƙwallo ba ta gangara ko taku ɗaya, allo take doka ta faɗo, don haka gangarawar ƙiyasi ne kawai da kwamfuta ta yi a kan wata ƙasa da ta ƙago. Kai da ka san ƙasar Kano ka san cewa da hunturu ƙwallo na iya yin gudu kamar an kore ta, da damina kuma ta tsaya inda ta sauka. Nisan sama shi ne naka, shi za ka rubuta, kuma shi ke tsallakar da kai ramin yashi ko ruwa.

Shi ma nisan saman lissafi ne, sai dai lissafi mai tushe. Na'urori irin su GCQuad da SkyTrak kyamara ce ke ɗaukar hoton ƙwallo a daidai lokacin da aka buge ta, ta auna gudunta da kusurwar tashinta da yadda take juyawa. TrackMan da Garmin Approach R10 kuwa rada (radar), mai bin tafiyar ƙwallo da igiyar rediyo, suke amfani da ita, kuma rada tana son ta ga ƙwallo ta ɗan yi tafiya. A ƙaramin ɗaki juyawar ƙwallon ce ke yi mata wuyar kamawa, shi ya sa ake manna ɗigon ƙarfe a jikin ƙwallo ko a sayi irin ƙwallon da kamfanin Titleist ya kira RCT. In na'urar ta auna juyawar ƙasa da yadda take a zahiri, nisan zai kumbura.

Sannan akwai shimfiɗar da kake bugu a kanta, wadda ni na fi zargi. A kan ciyawa, in sanda ta riga ta daki ƙasa kafin ƙwallo, bugun ya mutu. A kan shimfiɗa sai ta zame ta kama ƙwallon, allo kuma ya yaba maka.

Ga yadda za ka yi. Ka yi amfani da ƙwallon da kake wasa da ita a fili, ka ɗumama jiki, sannan ka buga 10 zuwa 12 da kowace sanda. Bugun da ya lalace ƙarara ka cire shi, amma kada ka share duk wanda bai yi maka daɗi ba. Ka jera lambobin daga ƙarama zuwa babba ka ɗauki ta tsakiya. Yawancin 'yan wasa mafi kyawun bugunsu suke haddacewa, su riƙa zaɓar sanda da shi, shi ya sa kullum ƙwallo ke gazawa. Sanduna 14 doka ta yarda ka ɗauka, to ka raba aikin zuwa zama biyu, don gajiya tana cin nisa. Bayan haka ka dubi tazarar da ke tsakanin sanda da mai bi mata: yadi 10 zuwa 15 shi ne aka saba gani. In biyu suna kai nisa ɗaya, ɗayarsu kaya ce kawai a jaka.

Ka duba saitin na'urar kafin ka fara: yadi take bayarwa ko mita, kuma wane tsayi daga teku aka sa mata. Iska tana raguwa da nauyi a tudu, ƙwallo ta ƙara tafiya. A filin Rayfield da ke Jos, garin da ke kimanin mita 1,200 sama da teku, bugun da ya yi yadi 150 a Ikoyi ta Legas zai iya ƙara yadi shida ko bakwai.

Game da manhajar kuwa, in tana auna bugunka a fili da GPS, kamar yadda Arccos da Shot Scope suke yi, to jimillar nisa take tarawa, daga inda ka buga zuwa inda ka tarar da ƙwallo. Zuba nisan sama a cikin wannan rumbun zai ɓata duka biyun. Ka ajiye lambobin ɗaki a shafin rubutu ko wani jerin sanduna na daban a manhajar, da kwanan wata, ka sake awo bayan wata uku ko duk ranar da ka canza sanda. A ranar gasa doka ta ba ka damar duba jerin da ka tanada tun kafin wasa, amma ka kashe ɓangaren manhajar da ke zaɓar maka sanda ko auna hawa da gangaren fili.