Kafin ka zargi kibod

Yaro, na ga saƙonka bayan sallar isha'i. Ka ce a ofishin nan da na aike ka wajen Ƙofar Ƙaura ka shiga sabarsu, wato babbar kwamfutarsu, ta ssh, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ka danna kibiyar sama don dawo da umarnin baya, sai ^[[A ta fito maka. Kana cikin haka hannunka ya kai ga Ctrl+S kamar yadda ya saba a Word, allo ya daskare, ka zare kibod ka sa wani, ba ta sake zani ba. Shi ne kake tambaya, Oga, kibod ne ya lalace ko sabar?

Babu wanda ya lalace a cikinsu. Na kuma ji daɗi da ka rufe taminal ɗin kawai, ba ka je ka kashe musu saba ana tsakiyar aiki ba.

Taminal ɗin da kake buɗewa, PuTTY ne ko xterm ko GNOME Terminal, kwaikwayon wata tsohuwar na'ura yake yi, wadda ba ta da komai sai allo da kibod da wayar da ta haɗa ta da babbar kwamfuta. Wadda aka fi kwaikwaya ita ce VT100 ta kamfanin DEC, ta shekarar 1978. Ita wayar nan ba ta san maɓalli ba, lamba take ɗauka, bisa tsarin ASCII mai lambobi daga 0 zuwa 127. Babban A lambarsa 65, Ctrl+C 3, Esc 27. Kibiyoyi ba su samu gurbi a tsarin ba, shi ya sa ake aika su da haruffa uku a jere: Esc, da [, da A in ta sama ce. Waccan ^[ da ka gani ita ce Esc a rubuce. Ka ga ke nan kibiyarka ta isa lafiya lau. Ɗan aike ya kai saƙo, mutanen gidan ne ba sa jin yarensa.

Kuma ina kyautata zaton na san gidan. A tsarukan Linux irin Debian da Ubuntu, in aka buɗe wa mutum asusu da useradd ba a faɗi shel ɗinsa ba, wato manhajar da ke karɓar umarninsa, sh ake ba shi, wato dash, ita kuwa dash ba ta gyaran layi, ba ta tuna umarnin baya. Rubuta echo $SHELL ka gani. In /bin/sh ce, rubuta bash, nan take kibiya za ta yi aiki, sannan ka tabbatar da gyaran da chsh -s /bin/bash.

Ctrl+S kuma lamba 19 ce, ma'anarta a wancan zamani "dakata", saboda na'urar buga takarda ba ta iya bin saurin kwamfuta. Ctrl+Q, lamba 17, ita ce "ci gaba". Da ka danna ta da allon ya saki. Ka riƙe wannan da kyau don nan ake ɓarna: yayin da allo ya tsaya, abin da ke fitowa ne kawai aka tsare, abin da kake bugawa yana shiga. Na taɓa ganin wanda ya yi ta buga umarni yana danna Enter cikin fushi, duk kuma suka gudana. In ba ka son wannan ɗabi'a, sa stty -ixon a cikin .bashrc ɗinka, fayil ɗin saitin bash.

Gobe wata matsalar ce za ta same ka, ba wannan ba, don haka ga yadda nake yi. Ba na taɓa saiti ko ɗaya sai na ga abin da maɓallin ya aika. Ina rubuta showkey -a, in babu shi cat -v, in danna maɓallin da ake ƙorafi a kansa, in zuba ido.

In babu abin da ya fito, wani ya tare shi a hanya. Daga yatsanka zuwa manhajar da ke saba akwai shingaye: tsarin tebur, shi kansa taminal, tmux mai raba taminal gida-gida in kana cikinsa, sannan ssh. Kowanne yana da maɓallan da yake riƙe wa kansa. GNOME Terminal yakan ɗauke F1 da F10 da F11, shi ya sa za ka ga mutum yana danna F10 don fita daga htop, manhajar duba ayyukan kwamfuta, amma jerin zaɓi ne ke buɗewa. Shi tmux Ctrl+B yake kamawa, takwaransa screen kuma Ctrl+A. Ka riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya har ka ga inda maɓallin ya maƙale. Sai ka buɗe xev, mai nuna maɓallin da kibod ya aiko, ka danna shi ma shiru, sannan za ka waiwayi kibod. Yakan faru, ba na musu. Ƙurar hunturu a garin nan ta kashe maɓallan da ba zan iya ƙirgawa ba. Amma shi ne na ƙarshe a bincike.

In kuwa wani abu ya fito amma manhaja ta kasa ganewa, duba echo $TERM. Wannan suna ne da taminal ke gabatar da kansa da shi, saba kuma ta duba shi a kundinta na terminfo ta san yaren da za a yi. In umarnin infocmp ya ce bai san sunan ba, ka samu mai laifi. Yakan faru da sababbin taminal irin kitty a kan tsohuwar saba. Kar ka yi abin da yara ke yi, su rubuta TERM=xterm a .bashrc su tafi. Ranar da aka shiga tmux, Home da End za su rikice, mai gyara na gaba ya kwana yana nema.

Backspace ma haka. Wani taminal 127 yake aikawa, wani 8. In ka danna ka ga ^H ko ^? maimakon gogewa, duba stty -a ka ga wanne saba ke jira a gaban erase, ka daidaita su. A PuTTY zaɓin yana ƙarƙashin Terminal, sashen Keyboard.

Akwai kuma tamu ta gida. Harafin ƙ, da ɗ da ɓ, kowanne bayit biyu ne, wato lamba biyu, a UTF-8, tsarin rubutun da ke ɗaukar haruffa irin namu. In sabar ba ta kan UTF-8, mai rubutun Hausa zai ga shara a allo, ko ya goge ƙ sau ɗaya rabinta ya rage a ɓoye. Umarnin locale zai nuna maka, stty iutf8 kuma yana gyara gogewar.

Wani abin ba ya gyaruwa ta tsohuwar hanya, kar ka ɓata yininka. Ctrl+I da Tab lambarsu ɗaya, 9. Ctrl+M da Enter, 13. In wani ya nace sai an raba masa su, shawarce shi ya zaɓi wani maɓalli.

Gobe in Allah ya kai mu ka biyo ta shago da ƙarfe takwas, ka zo da kibod ɗin da ka zare mu gwada shi da xev. Daga nan ka koma ofishin ka sauya shel ɗin, ka nemi izinin mai kula da sabar tukuna.