Tsatsar ta tsaya a fenti ko ta ci ƙarfen ƙasa?

Ɗan'uwa, ka ce motar ta shekara 17, inji lafiya lau, amma tsatsa ta kama ƙofofi da bayan tayoyi, kana tunanin gyara ko sauyawa. Ni dai ba zan yanke hukunci daga kallon jikinta ba. Ka sa a ɗaga ta sama, ka ɗauki sukudireba ka riƙa dannawa a ƙarfen ƙasa, da inda shokozoba ke zaune, da wurin da ake kafa jak. In ƙarfen ya tsaya daram, tsatsar ta sama ce: a kankare, a shafa maganin tsatsa, a yi fenti, ka ci gaba da hawa abarka.

In kuwa sukudireba ya shige, ko ƙarfen yana ɓarɓashewa kamar busasshen ganye, to ka haƙura da ita. Walda a kan ruɓaɓɓen ƙarfe ba ta riƙewa, kuma ranar haɗari wannan ƙarfen ne zai tare maka.

Ka ɗaga kafet ma ka duba, nan ruwa ke kwanciya. Bututun birki kuma, don Allah kada ka tsallake shi. In ya yi tsatsa, a canza shi tun kafin ka sake hawa titi.