Babur ɗina yana ɗigar da baƙin mai, zan iya gyarawa a gida?

Malam, ka ce Boxer ɗinka yana barin ɗigon baƙin mai a zaure duk safiya. Galibi za ka iya da kanka, amma fara gano ta inda yake fita. Ƙurar Kano tana cakuɗewa da mai ta lulluɓe injin, sai ka zargi wajen da ba shi da laifi. Wanke injin da kananzir, ka goge ya bushe, ka ɗan zaga unguwa, sannan ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinsa ya kwana. Man yana gangarowa ƙasa ne, don haka bi sawunsa zuwa sama.

Mafi yawan lokaci notin da ake juye mai ne, ko washarsa ta cinye. Bari injin ya huce, ka tari man a roba mai tsabta, ka sa sabuwar washa. Kada ka ɗaure notin da ƙarfin tsiya. Jikin injin alminiyom ne, in zaren ya lalace aikin ya koma na bakanike, kuma kuɗin ya ninka.

In ta murfin saman injin ne, canza robar ko gaskit ɗin, bayan ka kankare tsohon tas. Masu lafta gam ta waje ɓata lokaci suke, zafi zai ɓamɓare shi.

In kuwa ta bayan ƙaramin sufuroket ne ko sandar giya, sil ne, wato robar da ke tare mai, ya mutu. Wannan kai wa bakanike. Kafin nan, duba gejin baƙin mai kullum kafin ka tayar.