Plaket kaɗai zan canza, ko har da diski?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da Toyota Corolla, ta hannu na saye ta, da ita nake kai yara makaranta, wani lokaci mu je Magariya gaida iyaye. Kwanan nan in na taka birki sai in ji wata siririyar ƙara daga gaba, in kuma ina gudu a kwalta na taka, sai sitiyari ya riƙa rawa a hannuna. Makanikena ya ce a canza plaket, abin da ke kama diski in an taka birki, da diskin kansa, faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya, gaba ɗaya. Na je wajen masu kayan mota an nuna mini plaket kala uku, mai tsadar ya ninka mai arahar kusan sau uku, kuma kowane kwali da sunan babban kamfani a jikinsa. Wanne zan ɗauka, kuma dole ne sai an taɓa diskin? Daga wani magidanci, Sabon Gari, Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya tsare hanya. Alamu biyu ka kawo, kuma ba daga wuri ɗaya suke fitowa ba. Siririyar ƙarar nan yawanci wani ɗan ƙarfe ne da aka maƙala a jikin plaket da gangan, don ya fara gogar diski idan naman plaket ɗin ya kusa ƙarewa. Sabon plaket na gaba namansa kan kai milimita 10 zuwa 12, in ya sauko zuwa 3 to lokacin canji ya yi. A garinmu tsakuwa ko yashi ma kan maƙale ya sa irin wannan kukan, shi ya sa sai an cire taya an gani da ido. Rawar sitiyari kuwa maganar diski ce: kaurinsa ya daina zama ɗaya, wani wuri ya fi wani cinyewa, ko kuma bai zauna daidai a mazauninsa ba.

Don haka kafin ka fitar da ko dala, a auna diskin a gabanka. Kowane diski akwai iyakar kaurinsa da kamfani ya buga a gefensa ko a ƙoƙonsa, za ka ga an rubuta MIN TH da lamba a milimita. Tsatsa kan rufe rubutun, sai an goge da burushin waya. Tsakanin sabon diski da wannan iyaka galibi milimita 2 ne zuwa 3 kacal, abin da ido ba zai iya yanke hukunci a kai ba. A sa ma'aunin kauri a wurare da dama, a cikin inda plaket ke bi, ba a kan leɓen da ya taso a bakin diskin ba, don leɓen nan shi ke ruɗar mutane su ga kamar da sauran nama. Ka ja farcenka a fuskar diskin. In farce yana faɗawa cikin rami yana maƙalewa, ko ka ga tabo mai launin shuɗi na ƙuna, ko ɗan tsagewa, ya gama aiki. Akwai masu kai shi wajen injin sassaƙar ƙarfe a wanke masa fuska. Ba laifi, muddin bayan wankewar bai gaza lambar nan ba, domin siririn diski saurin ɗaukar zafi gare shi. Da yadda ka kwatanta, ina kyautata zaton makanikenka yana da gaskiya. In za a canza, dama da hagu tare ake canzawa, plaket ma haka, in ba haka ba mota za ta riƙa ja gefe ɗaya in ka taka.

Wajen saye, abu na farko ba sunan kamfani ba ne, dacewa ce. Corolla ɗin da ke yawo a Damagaram wata daga Turai ta biyo ta Kwatano, wata ƴar Amurka ce, wata ƴar Dubai, kuma shekara ɗaya ba ta nufin birkinsu ɗaya. Ka ɗauki lambar shasi mai harafi da lamba 17 da ke jikin takardar motar, ka kuma riƙe tsohon plaket ɗin a leda ka je da shi, a ɗora a kan sabon. Kunnuwansa su yi daidai, tsawo da faɗi su yi daidai. Plaket ɗin da sai an goga shi a dutse kafin ya shiga, ba na motarka ba ne, ko me mai shago ya ce.

Sai inganci, kuma nan ne rikicin yake. Akebono da Advics suna cikin masu yi wa Toyota birki tun daga masana'anta, ga kuma Bosch, TRW, Ferodo, Textar da ATE, duk sunaye ne na kirki. Sai dai kwali kowa na iya bugawa. Ka buɗe ka duba bayan plaket ɗin kansa. Na kasuwar Turai suna ɗauke da harafin E a cikin da'ira da rubutun 90R, alamar an gwada su an ga kamunsu bai kauce wa na asali da fiye da kashi 15 cikin 100 ba. Wasu kuma za ka ga haruffa biyu kamar FF ko GG. Harafin farko ƙarfin kamu ne da sanyi, na biyu da zafi, kuma FF ya wadaci motar iyali. Masu jabu ma sun iya kwaikwayon waɗannan, don haka ka ƙara da idonka: inda nama ya haɗu da ƙarfe kada a ga rata ko manne ya ɓullo, fenti kada ya bi yatsa, gefen naman kada ya riƙa marmashewa in ka kankara da mabuɗi. Ni da za a bar ni, na tsakiyan zan ɗauka a hannun mai shagon da ya daɗe a wurinsa, wanda in abu ya ƙi za ka dawo ka same shi. Mai arahar nan sau da yawa ko dai ya yi laushi ya narke cikin watanni, ko ya yi tauri kamar dutsen niƙa ya cinye maka sabon diskin. Mai tsadar da ake ce wa seramik shiru gare shi kuma ba ya baƙanta taya, in aljihu ya ɗauka ba laifi, amma ba shi zai sa mota ta fi tsayawa ba. Diski mai huji-huji ado ne a kan Corolla, wurin taruwar yashi kawai. Plaket na kwance, ɗan Beljiyam, kada ka kusance shi. Diskin kwance kuwa sai an auna.

Rabin aikin a wajen ɗaurawa yake, ka tsaya a kai. A kankare tsatsa da yashi daga mazaunin diskin har ƙarfe ya fito fes, domin ɗan datti kaɗan a wurin ya isa ya dawo maka da rawar sitiyari bayan ƴan watanni. Ƙusoshi biyun da abin matse plaket ke zamewa a kansu a ciro su a wanke, a sa musu giris na birki, ba baƙin mai ba, a duba robobinsu, don ƙurar hunturu ta nan take shiga su ƙame, plaket ɗaya ya cinye ya bar ɗan'uwansa. Kada a hure ƙurar birki da iskar kwampireso a fuskar yaran gareji, wasu plaket masu araha har yanzu da asbestos a cikinsu. Notunan taya a ɗaure su a gicciye, kuma kada yaron mai faci ya hau kan sifana yana tsalle. Kafin mota ta motsa, a taka birki sau da yawa har ya yi tauri a ƙafa.

Sabon plaket sai ya kwanta a kan diski kafin ya ba da cikakken kamu. Ka yi kamar kilomita 200 kana taka shi a hankali cikin gari da hanyar Mirya, kada a ɗaura yau gobe ka loda iyali ka kama hanyar Yamai. Tunda an buɗe, a leƙa tamburan baya, wato birkin baya mai kama da ganga maimakon diski, in irin su motarka ke da su, a kuma duba man birki: DOT 3 ko DOT 4, yadda aka rubuta a murfinsa, yana shan danshi, don haka duk shekara biyu ake zubar da shi a sa sabo. In kuma an yi duk wannan rawar ta dawo, kada a sake sayar maka da wani diskin sai an duba mazauninsa da boris ɗin ƙafar.