Tambaya da Amsa: Waye baturen nan na jikin fam hamsin?

TAMBAYA: Salam Malam, ina gaisuwa. Ni ɗan canji ne a Zone 4 nan Abuja, kullum fam hamsin ɗin nan ta Ingila ta roba tana wucewa ta hannuna, jiya wani kwastoma yake ce min wai mutumin da ke bayanta shi ya ƙirƙiro kwamfuta kuma shi kaɗai ya ci Hitila da yaƙi. Da gaske ne ko zuƙi ta malle ce? Daga Nura, Wuse.

AMSA: Wa alaikassalam Malam Nura, Allah ya ba da kasuwa. Sunansa Alan Turing, haifaffen Landan a 1912, kuma tun 2021 aka sa shi a takardar. Kwastoman naka bai yi ƙarya ba amma fa ya zuba gishiri.

A 1936 ya rubuta bayanin wata na'ura da bai ƙera ba, a takarda kawai take, ya nuna cewa inji guda zai iya kowane irin lissafi in dai an ba shi umarnin da ya dace, kaman dai wayarka da take WhatsApp kuma take maka lissafin canji. Tunanin nasa ne, ƙerawa kuma mutane da yawa suka yi.

Batun yaƙi kuwa, Jamusawa na da wani injin ɓoye saƙonni mai suna Enigma, kaman tafireta a akwatin katako, ka danna A sai wani harafi daban ya haska, ka sake danna A ɗin ya ba ka wani, kuma kullum sai sun canza saitin, ga jiragensu masu nutso suna ta nutsar da jiragen da ke kai abinci Ingila. Turing na Bletchley Park, cibiyar sirri ta Ingila ta fasa saƙonnin abokan gaba, tun 1939, shi da abokan aikinsa suka lura injin baya taɓa mayar da harafi ya zama kansa, sai su cinki kalmar da Bajamushe ba zai rasa sawa ba irin ta rahoton yanayi, injinsu mai suna Bombe ya yi ta tankaɗe saitin da ba zai yiwu ba. Amma shi kaɗai kam a'a, 'yan Poland irin su Marian Rejewski ne suka fara fasa Enigma tun 1932, kuma dubban mutane ne a Bletchley, yawanci mata. Turing ɗin da abin dariya, har kofin shayinsa yake ɗaurewa da sarƙa kar a ɗauke.

Ƙarshensa ba daɗi. A 1952 kotu ta same shi da laifin neman namiji ɗan'uwansa, wanda dokar Ingila ta hana a lokacin, aka riƙa yi masa allurar kashe sha'awa maimakon gidan yari. Ya mutu a 1954 da guba yana shekara 41, binciken hukuma ya ce shi ya kashe kansa, aikinsa na yaƙi kuma sirri ne har wajen 1974. Sai 2013 Sarauniya ta yi masa afuwa.

Gobe in takardar ta shigo hannunka duba kusa da hotonsa, akwai ɗan ƙyalle mai 1 da 0 a jere, ranar haihuwarsa ce 23 ga Yuni 1912 aka rubuta da harshen kwamfuta.