Maganin murar China: a ba Inna ko a bari?

Tambaya: Salam Malam, daga unguwar Birni nake rubutowa. Yayana ya dawo sari daga China ya zo mana da kafso wai Lianhua Qingwen, ya ce can kowa shi yake sha in mura ta kama shi. Yanzu hunturu ya shigo, Innarmu na ta tari jikinta zafi, kuma tana da hawan jini, dan Allah in ba ta?

Amsa: Wa alaikumus salam ƴar'uwa, Allah ya ba Inna lafiya. Kar ki ba ta. Cikin ganyayyakin da aka haɗa kafson akwai wanda suke kira ma huwang, yana sa zuciya bugu da sauri kuma yana ɗaga jini, shi ya sa Amurka ta hana sa shi cikin magungunan ƙarin ƙarfi tun 2004. Mai hawan jini ba nata ba ne.

Maganin gargajiyar China dai ba duka tatsuniya ba ne, ai maganin palu, wato zazzaɓin cizon sauro, da muke sha yau daga tazargade aka ciro shi, wata mai bincike ƴar China, Tu Youyou, ta ci kyautar Nobel a kansa a 2015. A kan mura ma an yi gwaji, an buga shi a 2011, mutum 410 masu murar H1N1 a asibitoci 11, aka ba wasu haɗin ganye 12, waɗanda ba a ba komai ba zazzaɓinsu ya kai kamar awa 26 kafin ya sauka, masu shan haɗin kuwa ya ragu da kashi 37 cikin ɗari, kusan daidai da Tamiflu, maganin mura na asibiti. Amma fa zazzaɓin kawai ya yi saurin sauka, tari da ciwon maƙogwaro ba a ga wani bambanci ba, kuma yawancinsu matasa ne masu mura mara tsanani, kowa ya san abin da aka ba shi, sannan wani haɗi ne daban da na hannunki.

Abin da ya fi damuna gaskiya, a Damagaram zafin jiki ba a yanke masa hukunci a gida, sau da yawa ana cewa mura ce ashe palu ne. Ki kai ta likita yau a yi mata tes, a auna jininta, ki tafi da kwalin su gani. In numfashinta na sama sama ko ƙirji na ciwo, kar ma ki jira gari ya waye.