Amsa ga ƙanwarmu da aka tura asibitin ƙauye

Assalamu alaikum. Ƙanwata, kin ce an tura ki ƙaramin asibiti a ƙauye, kina wuni a zaune babu mai leƙowa sai mai neman maganin ciwon kai, mata na haihuwa a gida, ba a kawo yara rigakafi, kuma kina tambaya ko ki nemi canji zuwa babban asibiti tun kafin abin da kika koya ya zube. Wallahi da na karanta sai da ƙirjina ya yi nauyi, don irin wannan zaman na yi a wani ƙauye can arewacin Gombe.

Abu na farko, tashi daga kan kujerar nan. A babban asibiti mara lafiya ne ke zuwa ya same ki a gado. A aikinmu na jinyar al'umma kuwa, garin gaba ɗaya shi ne mara lafiyarki, har da rijiyarsa da masai da kwatar bayan kasuwa da wanda bai kwanta ba tukuna. Kan haka aka tsaya a taron lafiya na duniya da aka yi a birnin Alma-Ata a 1978, shi kuma Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya dasa mana shi a ƙasar nan lokacin da yake ministan lafiya daga 1985. Ki fara da gaisuwa. Dagaci, liman, masu unguwanni, sannan ungozoma, ita ce ma gaba da kowa. Kada ki kuskura ki yi gaba da ita. Tawa Inna nake ce mata, ina durƙusawa in gaishe ta. Na kai mata man cibiyar nan kulohezidin, na nuna mata yadda ake shafawa a daina sa toka da man goge haƙori. Daga baya ita da kanta take riƙo hannun masu ciki ta kawo su awo, in ta ga jini ko kumburin ƙafa da fuska ko naƙuda ta yi tsawo ta aiko yaro da gudu.

Amma ba zan ɓoye miki ba, akwai ranar baƙin ciki. Firjinmu mai sola ya lalace. Kin san allurar rigakafi tsakanin digiri 2 zuwa 8 take zama, in ɗan murabba'in jikin kwalba ya yi duhu ya yi daidai da da'irar da ke kewaye da shi, ta tashi aiki. Na rubuta takarda, na sake rubutawa, na buga waya har na gaji. Wanda ke sama da ni kullum amsarsa ɗaya, Sista ki yi haƙuri, ana kan hanya. Kuɗin man babur na fita rugage ma sai aka daina ba ni. A haka zafi ya shigo, ƙyanda ta faɗa wata ruga. Da na isa, na tarar da yara a kwance cikin bukka an rufe su da zane, idanu sun manne da kwantsa, leɓe a tsattsage, an hana su wanka an hana su ruwa sosai, wai kada baƙon ya koma ciki. Wata yarinya da ba ta kai shekara biyu ba tana numfashi haƙarƙari na lotsawa. Na ɗiga mata bitamin A, na roƙi uban har da hawaye mu tafi babban asibiti. Ya yarda, aka samo mota, amma a hanya ta cika a cinyar uwarta, ina riƙe da ƙafarta. Uwar ba ta yi kuka ba, ta dai ja mayafi ta rufe ta.

Sai ga mutumin nan da ke sama da ni ya zo da mota da baƙi, ya tsaya a ƙofar dagaci, a gaban dattawan da nake durƙusa wa, ya ce sakacin malamar asibiti ne, ba ta fita aiki. Mutumin da takarduna ke kan teburinsa! Ya faɗa yana kallon idona, ko kunyar Allah bai ji ba. Dagaci ne ya ce masa, Alhaji, yarinyar nan a ƙafa muke ganinta tana zagaya gari. Har yau in na tuna jikina rawa yake yi. Na bar shi da Allah, amma ban manta ba. Don haka duk abin da kika nema ki rubuta, ki sa kwanan wata, ki ajiye kwafi a gidanki, ba a asibiti ba.

Maganar rigakafi, kada ki yi wa uwa faɗa, sau da yawa ba ita ke da iko ba. Maigidan za ki nema, ko ki sa liman ya yi magana bayan sallar Juma'a. Kuma ki gaya musu gaskiya tun kafin ki soka allura: ta sati 6 da sati 10 da sati 14 tana kawo zazzaɓi da kumburin cinya kwana ɗaya ko biyu. In ba ki faɗa ba, yaro ya kwana kuka, ba za ki sake ganinsu ba, ga ta ƙyanda a wata 9 da wata 15 tana jira. Masu ce miki ɗigon shan inna makirci ne, tun rikicin 2003 muke jin wannan. Ki tambaye su yaushe rabon da su ga sabon gurgu a garin.

Ki riƙa yawo da ma'aunin dantse a jaka. A gidan suna ma sai ki auna dantsen yaro, in ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, a tura shi. Kafin damina ki koya wa mata haɗa ruwan gishiri da sukari, ƙulli ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, da zinki na kwana 10, don kin ga yadda amai da gudawa ya yi ɓarna a Bauchi a 2021. Ki leƙa ki ga gidan sauron da aka raba, ana kwana a ciki ko an kewaye lambu da shi.

Wani abu kuma, ina kike kwana? Kada ki yarda ki kwana ke kaɗai a asibiti marar katanga. Ki roƙi dagaci ya sama miki ɗaki cikin gidan mutane, a wurin matan za ki ji wace ce ke da ciki, ɗan wa ne ke gudawa.

Canjin wurin aiki haƙƙinki ne, ba zan ce kada ki nema ba. Ni dai shawarata ki ba shi damina ɗaya kina fita, ki zana taswirar garin da rugagensa, ki ƙirga masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara ɗaya, ki farfaɗo da kwamitin lafiya na gunduma ko da mutum biyar ne ke zuwa. Sannan ki faɗa mana a nan, firjinku na aiki kuwa? In ba ya yi, ki nemi asibiti mafi kusa mai sanyi, ki riƙa ɗauko allura a cikin kula mai ƙanƙara ranar da za ki yi rigakafi, ki sa sankira ya yi shela tun ana gobe da daddare.